Ludayin Matar Mai Kwalekwale

Ka tambayi abin da ke kai ƙwayoyin tsaron jiki har cikin kaluluwa. Gyara zama, ka saurara, don ba na maimaita magana.

An yi wani makiyayi a wani tsibiri cikin fadama. Wata safiya ya tarar da saniyarsa mafi ƙiba a mace, ya feɗe ta, ya ga huhunta ya manne da haƙarƙari. Ya san washegari za a haɗa garkunan yankin a mashaya ɗaya, kuma idan cutar ta shiga cikinsu, babu wanda zai kai kaka da ko maraƙi. Sai ya yanki tsokar huhun, ya naɗe a ganye, ya nufi bakin ruwa don ya kai wa likitan dabbobi a gari. Hanya ɗaya ce, siririn mashigi da dogayen ciyayi suka rufe. Kwalekwalen da ya samu na wani dattijo ne mai ƙirar ƙarfi, wanda ke tsayawa a baya da gorar tuƙi, matarsa kuma tana zaune a goshi riƙe da ɗan ludayi. Makiyayi ya roƙa a sauke ta don a rage nauyi. Dattijon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ɗan Fulani, ni ƙarfi kawai nake da shi. Hanya tana wurinta."

Suka kutsa. Daga baya dattijon ba ya ganin komai sai ciyawa. Matar ce ke duban inda ruwa ke karkata. In ta ƙwanƙwasa ludayin a jikin katako, sai ya danna gora, kwalekwale ya zabura. In ta yi shiru, ya tsaya cak. Shirun nan ne ya ci wa makiyayi rai, don yana ganin rana tana tafiya. A wata mararraba haƙurinsa ya ƙare, ya soka sandarsa ta kiwo ya ingiza. Nan take suka kafe cikin taɓo, a reshen da ba ya ɓullewa ko'ina. Shi ya sauka, ruwa iya ƙirji, ya ja su baya, ya hau jiƙe sharkaf, ya kwantar da sandar a ƙarƙashin ƙafarsa. Daga nan bai ƙara ɗauke ido daga hannun matar ba. Ƙwanƙwasa, turi, shiru; ƙwanƙwasa, turi. Kafin la'asar ƙunshin ganyen yana hannun likita, aka aika a dakatar da haɗa garke, aka fito da allurai. Da zai koma, wurin matar ya fara durƙusawa.

Haka ƙwayar tsaro take. Idan ta kama ɓurɓushin cuta a fata, dole ta ratsa matsatsun hanyoyi ta kai shi kaluluwa, inda sauran mayaƙan jiki ke jiran labari. Bayanta ke matsewa ya tura ta gaba, amma abin da ke ba shi umarni ɗan sinadarin kalsiyam ne da take saki daga rumbunan cikinta, kaɗan-kaɗan, a daidai lokacinsa. Idan wannan ya ɓaci, ƙarfi yana nan, sai dai ta yi ta dawurwura, labari ya makara. Magabata sun riga sun faɗa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.