Littafin Shamuwa

Ladidi ɗalibata ce, tana zaune da kakanta Malam Tanko. Suna da gona, suna da irin gero, abin da suka rasa shi ne shamuwa. Tsohon ba ya shuka sai ya ga tsuntsuwar ta sauka a kan kukar bakin gari, kamar yadda mahaifinsa ya saba. Ruwa ya sauka, maƙwabta sun shuka, shi yana jira.

Ranar Laraba na kai yara ɗakin karatu. Tun da aka kafa dokar raba littattafan halittu, ɗakunan biyu ne, na halittu masu rai da na waɗanda suka ƙare a duniya. Ladidi ta duba kantar tsuntsaye, ba ta sami abin da take nema ba.

"Baba, ina littafin shamuwa?" ta tambayi Malam Isyaku, mai kula da littattafai. "Kakana ya ce in dubo masa lokacin zuwanta."

Malam Isyaku ya dube ni, sannan ya ce, "Zo, 'yata. An mayar da shi ciki tun watan jiya."

A ɗaki na biyu, na waɗanda suka ƙare, ya kunna mata allon bidiyo. Shamuwa ta bayyana tana kiwo cikin ciyawa, har Ladidi ta miƙa hannu.

"Malama, yaushe za a dawo da littafin waje?"

Na ce, "Ban taɓa ganin an dawo da wani ba, Ladidi."

Ta daɗe tana kallon allon. Ta gane shamuwa ba za ta zo ba, kuma ita ce za ta faɗa wa kakanta ya shuka.