Abin da Sanda Take Nema

Wata rana da la'asar a Fagge, ni da ƙanena muna ta gwara karan dawa, kamar masu takobi a silimar Sabon Gari. Kawu, mai kai shanu tashar jirgi, yana zaune yana kallonmu. Sai ga wani mahauci da suka samu saɓani ya nufo shi da wuƙa tsirara. Kawu ya miƙe ya sauke masa sanda a wuyan hannu. Ƙashin ya ce ƙas, mutumin ya durƙushe yana amai.

Kawu ya dube mu ya ce, "Sanda ba 'yar'uwarta take nema ba, ƙashi take nema."

Har yau in jikokina na kallon faɗan takobi a talabijin, wuyan hannuna nake riƙewa.