Banɗakin Baƙi na Doña Casilda

Ruwa ya sake malale banɗakin baƙi. Wilfrido ya durƙusa yana laluben bututun da ya ɗaure jiya-jiya. Gobe matar da ya ɗauka don kula da mahaifiyarsa, Doña Casilda, za ta tare a gidan, kuma maigidansa a birnin Santiago ya ce in ya ƙara fashin aiki, kada ya dawo.

"Mama, na rantse miki sabo fil na sa! Me ke yanka shi?"

Ya ɗago kai ya dubi mahaifiyarsa, sai ya hango bakin zarto a aljihun rigarta.

Doña Casilda ba ta ɓoye ba.

"In ka gama gyaran, ɗana, ita za ta zauna da ni. Kai kuma me zai sake kawo ka?"