Hoda a Ƙasan Kwalla

Ya dire gwangwanin hodar da ya tono a ƙasan kwalla gaban matarsa, a tsakar gida, rana tsaka.

Mutumin da ya yi wata huɗu hannun 'yan bindiga a dajin Faskari, ya fito da ƙafarsa, ai ba a yi masa ɓoyo. Kasuwa uku ke nan yana lura da ita. Duk ranar kasuwar Yankara sai ta sulale shagon wata mai kwalliya, ta fito da abu ƙunshe a zane.

"Jika tara gare ki. Wa ake yi ma kwalliyar?"

"Malam, zauna."

"Ni da na gane ɗan rahoton ɓarayi a sahun salla? Wane ne?"

Ta buɗe gwangwanin. Ita fara ce, hodar kuwa launin daddawa.

"Yarinyar shagon ta ce baƙar fata ba ta son hoda mai haske, toka take komawa. A muƙamuƙi ake gwadawa, cikin rana. Sau biyu ina gwada maka kana ƙailula, ba ta hau ba."

"Ni?"

"Gobe za a ɗauke ka hoton tafiya Makka a Ƙanƙara. Dole ka kwance rawanin ga, kuma da abokanka za ka."

Ta warware rawanin. Tabon ƙarfe mai zafi ya bayyana, daga kunne har haɓa. Shekara biyu yana rantse wa majalisa cewa ko yatsa ba a ɗora masa ba.

Ya waiga ƙofar gida, ba kowa. Ya miƙa mata wuya.

"Ƙara kaɗan wajen kunnen."