Tsinken Ashana don Ruwan Jego

Tun da tafkunan dagwalon masana'antar manja suka kewaye Unguwar Kwakwa, aka hana kunna wuta duk ranar da iska ta kwanta, domin iskar gas mai wari da ruwan ke fitarwa ko tartsatsi ta samu sai ta kama da wuta. Ashanar kowa tana hannun mai unguwa.

Da hantsi Tabawa ta durƙusa a zaurensa. Jiya 'yarta Kande ta haihu, har yanzu jikinta bai ga ruwan zafi ba.

"Ranka ya daɗe, tsinke ɗaya nake roƙo. Ruwan jego zan dafa."

"Haba Iya! Dubi ganye, ko motsi ba ya yi. So kike ki tashe mu gaba ɗaya?"

"To su masu injin, yaushe za su rufe ruwan nan nasu?"

"An kai kuka. Sai haƙuri."

Haƙuri! Shi aka ce mata da kifin rafi ya mutu, shi aka ce da aka rufe makarantar yara. Garin nan haƙuri zai kashe shi kafin wari.

A gida ta tarar Kande tana rawar ɗari. A sanin Tabawa, mai jegon da ba a gasa ba sanyi ya gama da ita. Ta zazzage jakar marigayi mijinta, ta ciro ƙyastu, ƙarfe da dutsen kunna wuta, ta jera itace a murhu. Gefenta rijiyar tsakar gida, wadda dagwalon ya tsiyaya cikinta, tana ɓulɓulo da kumfar gas, kamar tukunyar da ta riga ta tafasa.

Ta yi bisimilla, ta ƙyasta.