Shekarar da Kwara Ta Ƙi Janyewa

Har yau, in na ji warin ruɓaɓɓiyar albasa, sai raina ya ɓaci.

Shekarar da aka tare kogin Kwara da madatsar ruwa a Kainji, aka kwashe mu daga gungunmu, tsibirin da muke zaune a tsakiyar kogi, aka zuba mu a gidajen siminti can tudu, wajen Wara. Aka ce masaƙun Kaduna ke buƙatar wutar lantarki.

Baba manomin albasa ne. Kowace shekara idan ruwa ya janye, sai ya bi laka yana dashe. Don haka ya reni iri kamar kullum, ya cire ya cika kwando, yana yayyafa masa ruwa yana jira.

Wata la'asar ya aza mini kwandon a ka, muka gangara bakin ruwa. Ya nemi karan da ya kafa don shaidar janyewar ruwa, ruwa ya shanye shi. Irin ya riga ya narke, ruwansa mai ɗoyi yana bin wuyana.

Na ce, "Baba, mu tahi gida."

Ya ce, "Dakata, ɗiyata. Kwara ba ta taɓa saɓa mini ba. Jinkiri ta yi."

Cikin masu motocin da suka kwashe mu ba wanda ya zauna ya gaya wa tsohon nan cewa yanzu da maɓalli ake sakin koginsa.

Masaƙun nan tuni suka rufe. Jikokina da tocila suke karatu. Gonar Baba kuwa tana nan ƙarƙashin ruwa, tana haska gidajen wasu.