Irin Masarar da Iya Ta Tsince

Ranar da 'yan bindiga suka kashe yayana, suka ce dole mu shuka masu masara a gonarsa, ranar na ɗauko adda.

Na taɓa ji a rediyo labarin wani jagora a ƙasar Filifin, wanda ya tara talakawa da adduna suka tasar wa Turawan mulkin mallaka. Na ba kakata labarin.

"Shi mutumin naka ya ga ƙarshen yaƙin?" in ji ta.

"A'a, Iya. Kashe shi aka yi."

"To aje addar nan, maigidana. Kawo mini irin masarar da suka ba mu in tsince masu."

Muka shuka, bindiga a kanmu. Ruwa ya sauka yadda ake so, gonaki har Gozaki suka yi kore shar. Mako uku, gonar yayana jar ƙasa ce, ko tsiro ɗaya babu.

Iya ta tsaya bakin gonar, ta ce a hankali, "Tafasa shi na yi, na shanya. Haka ubana ya yi wa irin audugar Bature. Ƙasar da ta sha jinin jikana ba za ta ciyar da su ba."